Injin Lissafin da Na Sayar a Kan Sikeli

A ɗakin karatuna na gida akwai wata kanta mai hawa huɗu wadda uwargidana take kira maƙabarta. Injunan lissafi na ƙarfe guda bakwai ne a jere a kanta, da tsofaffin kwamfutoci huɗu waɗanda ƙaramarsu ta girmi dukkan ɗalibaina. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya dube su, sannan ya dube ni, ya yi tambayar da na riga na saba da ita: “Dakta, waɗannan kuma me ake yi da su?” Nakan yi dariya in ce tarihi nake tarawa. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Yau nake so in cika ta, domin akwai wani kuskure da na tafka kusan shekara ashirin da suka wuce, kuma shi ne asalin duk abin da ke kan kantar nan.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, akawu ne a baitulmali. Ya fara aiki a zamanin En'e, ya yi ritaya a zamanin ƙananan hukumomi. Lokacin da aka kawo wa ofishinsu kalkuleta mai aiki da lantarki, sai aka yi gwanjon tsofaffin injunan a tsakanin ma'aikata, shi kuma ya sayi wanda ya shekara fiye da goma yana aiki da shi, ya ɗauro shi a bayan keke zuwa gida. Facit ne, ƙirar ƙasar Suwidin, mai launin toka, nauyinsa ya haura kilo biyar. Yana da maɓallan lambobi goma a layi biyu, da hannu a gefen dama wanda ake juyawa kamar na injin markaɗe. Mu yara muna kiransa injin niƙan kuɗi. An hana mu taɓa shi, saboda haka babu abin da muke marmarin taɓawa a gidan kamarsa.

Aikin da ya fi yi a gidanmu shi ne rabon gado. Idan aka yi rasuwa a unguwa, aka gama ƙiyasta dukiya, liman ya fayyace wa kowa kasonsa, wannan tumuni, wancan sudusi, sai a taho zauren Baba domin a mayar da kason ya zama naira da kwabo. Baba zai zauna a kan buzu, ya cire wa injin rigarsa ta leda, ya danna lambobi, ya fara juya hannun baya. Injin zai riƙa ƙara, karas, karas, karas, can sai wata 'yar ƙararrawa ta buga, sai ya juya gaba sau ɗaya, ya matsar, ya ci gaba. Magada suna zaune sun yi tsit. Na taɓa ganin 'yan'uwa biyu da suka shigo ba sa ga maciji da juna, suka fita kowa riƙe da takardarsa babu musu, domin a gabansu lissafin ya tafi, juyi bayan juyi, kuma Baba ba ya sallamar kowa sai ya sake tara kason kowane magaji sun ga jimillar ta dawo daidai da abin da aka fara da shi.

Baba yakan ce ranar 1 ga Janairun 1973 injin nan ya samu 'yancin kansa. Kafin ranar, kuɗin ƙasar nan fam ne da sule da kwabo, kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, shi kuwa injin goma-goma kawai ya sani. Dole akawu ya ajiye wani jadawali a gefensa, yana mayar da sule da kwabo zuwa lissafin goma-goma kafin ya danna, ya sake mayar da su bayan ya gama. Da naira ta zo da kwabonta ɗari, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sai jadawalin ya koma aljihun tebur bai sake fitowa ba.

Baba ya rasu a 2006. A lokacin ina ƙaramin malami a jami'a, na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ina ji da kaina. Da aka zo haɗa kayansa, aka jawo injin daga ƙarƙashin gado, ya yi ƙura, hannunsa ya cije ba ya juyawa. Yayata ta ce, “Ko za ka ɗauka? Kai ne mai lissafin a gidan nan.” Na ce mata wayar da ke aljihuna ma ta fi shi aiki. Da bakina na kira wani ɗan jari-bola da ke wucewa da kurarsa, ya rataya shi a sikeli, ya ba da abin da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, aka zuba a cikin kuɗin gado. Ban sake tunawa da shi ba sai bayan shekara bakwai.

A 2013, ina karatun digiri na uku a Ingila, wani abokin karatu ya ja ni wani ƙaramin gidan gwanjo a arewacin ƙasar, yana neman tebur mai araha. Gwanjonsu ya bambanta da wanda muka sani. Kowane kaya yana da lamba, an buga ɗan littafin da ya bayyana shi, da ƙiyasin farashinsa, da lahanin da ke jikinsa. Ana ware rana a zo a dudduba kafin ranar tayi. Mai kaya yakan yanke farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, wanda shi da gidan kaɗai suka sani. Idan dillali ya buga guduma ciniki ya faɗa, babu fasawa, kuma a kan abin da ka taya za a ɗora maka la'adar gidan, wadda takan kai kashi ashirin cikin ɗari ko fiye, sannan haraji a kan la'adar. Wanda bai san wannan ba yakan yi murna a zauren tayi, ya ɓata fuska a wurin biya.

A ƙarƙashin wani tebur, cikin kwali, tare da tsohuwar fitila da wayar tarho, na hango launin tokan nan. Gabana ya faɗi. Na durƙusa na duba maɓallan, na ga jerin da idona ya haddace tun ina yaro: 2, 4, 5, 7, 9 a sama, 1, 3, 0, 6, 8 a ƙasa. Ba na Baba ba ne, amma ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Washegari na koma, na karɓi katin tayi, na ɗaga shi sau uku, kwalin ya zama nawa a kan fam 28. Na bar musu fitilar da tarhon, na rungumo injin a jirgin ƙasa kamar mai ɗauke da jariri.

Shi ma hannunsa a cije yake. Na kwana uku ina karanta yadda ake kwance shi, daga ƙarshe na gano babu abin da ya karye a cikinsa. Tsohon mai ne ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya riƙe haƙoran. Da ɗan kananzir, da tsohon buroshin goge baki, da ɗigon man keken ɗinki, hannun ya saki. Da ƙararrawar ta buga a wannan ɗaki mai sanyi, sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe abin da ya hana injin Baba juyawa ke nan, aikin yammaci guda. Da-na-sani ƙeya ce.

A nan ne kuma na fahimci abin da Baba yake yi a zaure. A cikin injin akwai fayafai a jere, ɗaya ga kowane gurbin lamba, kowanne yana da haƙora masu fitowa su koma, daga ɗaya zuwa tara. Ka danna bakwai, haƙora bakwai su fito. Ka juya hannu sau ɗaya, haƙoran su tura lambar sakamako gaba taki bakwai. Idan lambar ta tsallake tara ta koma sifiri, wani ɗan ƙarfe zai sa a ƙara wa maƙwabciyarta ta hagu ɗaya. Wannan shi ne riƙe ɗaya da aka koya mana a firamare, sai dai a nan kana ganinsa da ido, kana kuma jin sa a tafinka, domin hannun yakan ɗan yi nauyi idan riƙon ya ratsa gurabe da yawa. Ninkawa tarawa ce da aka maimaita. In kana son 347 sau 26, ka juya sau shida, ka matsar da gurbi ɗaya, ka juya sau biyu, 9,022 ta fito. Gwanayen akawai suna da hanyar yanke: in an ce sau 99, ba sa juyi goma sha takwas, sai su ninka sau ɗari da juyi ɗaya, su ɗebe ɗaya da juyi na biyu. Rabawa kuwa ɗebewa ce da aka maimaita, shi ya sa Baba yake juyawa baya, ƙararrawar kuma gargaɗi ce cewa ka ɗebe fiye da abin da ke akwai, sai ka mayar da juyi ɗaya.

Dabarar ta girmi kamfanin Facit nesa ba kusa ba. Blaise Pascal na Faransa ya fara ƙera injin tarawa a 1642, bai cika shekara ashirin ba, domin ya sauƙaƙa wa mahaifinsa lissafin haraji a birnin Rouen. In an duba shi ma ɗan ma'aikacin baitulmali ne, sai dai shi ya ƙera wa mahaifinsa inji, ni kuwa na sayar da na nawa. Thomas de Colmar, shi ma a Faransa, ya yi wa nasa rajista a 1820, kuma irinsa ne na farko da aka riƙa ƙerawa da yawa ana sayar wa ofisoshi. Faifai mai haƙora masu fitowa su koma kuwa, Willgodt Odhner, mutumin Suwidin da ke aiki a birnin St. Petersburg na Rasha, shi ya fito da nasa a shekarun 1870, kuma daga gare shi Brunsviga na Jamus da Facit suka yi gado. Kamfanin Facit ya bunƙasa har yana da dubban ma'aikata da kasuwa a ƙasashe masu yawa. Da kalkuletar lantarki ta Japan ta shigo da araha, bai ɗauki wasu shekaru ba ya durƙushe, Electrolux ya saye shi a farkon shekarun 1970, kusan lokacin da Baba yake murnar zuwan naira.

Akwai injin da na yi shekaru ina bi ban samu ba, sunansa Curta. Girmansa bai wuce ƙaramin gwangwani ba, a tafin hannu ake riƙe shi, amma yana tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, da sassa wajen ɗari shida a cikinsa. Wanda ya ƙago shi, Curt Herzstark, mutumin Ostiriya ne da 'yan Nazi suka kama a 1943 suka tsare a sansanin Buchenwald. Da masu tsaron suka ji yana da dabarar ƙaramin injin lissafi, sai suka ba shi dama ya zana shi, da nufin a miƙa wa Hitler kyauta idan an ci yaƙi. Zanen nan ya taimaka masa ya rayu har sojojin Amurka suka iso sansanin a Afrilun 1945. Bayan yaƙi aka fara ƙera injin a ƙaramar ƙasar Liechtenstein, aka yi kimanin guda 140,000 kafin a daina a farkon shekarun 1970. Sau biyu ina shiga tayinsa ta intanet. A karo na biyu na kai fam 600, abin da ya haura kuɗin hayar ɗakina na wata guda, yatsana yana rawa a kan maɓalli, wani da ban gani ba ya ƙara ashirin. Na janye. Da daddare na yi baƙin ciki, da safe na gode wa Allah, domin gwanjo yana da wani zazzaɓi da ke sa mutum ya manta da abin da ke aljihunsa, ya riƙa jin kamar mutuncinsa ake tayawa.

Daga injunan ƙarfe na gangaro kan tsofaffin kwamfutoci. Ta farko da na saya ita ce Sinclair ZX81, wadda ta fito a Birtaniya a 1981 a kan fam 69.95. Da talabijin ake haɗa ta domin ba ta da allon kanta, a kan kaset na rediyo ake adana manhajarta, ƙwaƙwalwarta kuma kilobayit ɗaya ce, wato ba za ta riƙe ko kashi ɗaya cikin goma na wannan rubutu ba. Duk da haka an samu wanda ya cusa mata wasan darar Turawa a cikin wannan ɗan wuri. Bayanta na samu Commodore 64 ta 1982. Irin waɗannan an ƙera su da yawan gaske, shi ya sa farashinsu bai fi ƙarfin malamin makaranta ba. Apple I kuwa labarinta daban ne. Kimanin guda 200 aka haɗa a 1976, ana sayar da kowace dala 666.66, amma a Oktoban 2014 gidan gwanjon Bonhams da ke New York ya sayar wa gidan tarihi na Henry Ford guda ɗaya a kan dala 905,000. A shekarun da na yi ina bin littattafan gwanjo na lura cewa bayan ƙarancin abu da lafiyarsa, babu abin da ke ɗaga darajarsa kamar takardunsa: rasit, da littafin jagora, da wasiƙa, da sunan wanda ya yi aiki da shi. Da wannan ma'auni, injina na fam 28 maraya ne da ba a san hannun da ya juya shi ba, wanda na ɗora a sikeli shi ne mai asali.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, wannan sha'awa tana cin kuɗi, kuma kowa ya san ƙarfin albashin malamin jami'a a ƙasar nan. Tun da na dawo gida, kuɗin jigila da na kwastan sukan ninka farashin kaya. A 2022, cikin watannin da albashi ya tsaya, uwargida ta zaunar da ni da daddare ta ce, “Abban Hanifa, kuɗin makarantar yara saura mako biyu, kuma ƙarfen nan ba ya dahuwa.” Gaskiya ta faɗa. Na sayar da Brunsviga mafi kyau da nake da shi ga wani mai tarawa a ƙasar waje, aka biya kuɗin zango biyu. Tun daga ranar muka yi yarjejeniya cewa ba zan sayi komai ba sai da abin da na samu daga aikin gefe, kuma in ta ce a'a an gama. Facit ɗin kaɗai na ce mata ba ya cikin lissafi, ta ce ta sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya faru ne watanni kaɗan da suka wuce. Na ji labarin wani ofishi zai yi gwanjon kayan da ya daina amfani da su, na je. An jibge su a bayan sito, rana ta dake su, ruwa ya dake su: tafireta, da injunan lissafi, da kwamfutoci masu cin faifan filofi, da injin gurza takarda. Babu lamba, babu jerin kaya, tsibi-tsibi aka kasa su kamar tumatir. Masu tayi duk 'yan jari-bola ne in ban da ni, kuma ban ga laifinsu ba, sana'arsu suke yi, tagulla da alminiyon suke nema. Na roƙi wanda ya ci tsibin ya sayar mini da inji biyu a farashin kilo. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Alhaji, ɗauki, amma fa ba sa yi.” A gindin ɗaya an rubuta lambar kaya da farin fenti tare da haruffan N.A., alamar ya yi aiki tun zamanin En'e. Sauran kuwa ina tsaye aka fara fasa su da guduma. Irin waɗannan injuna ne suka lissafa haraji da jangali da kuɗin gyaɗa da auduga da albashin malaman da suka koyar da iyayenmu, ga shi babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya game da su kafin su shiga wuta.

Wani zai ce me ya dame mu da tsohon ƙarfe alhali ga matsaloli sun yi mana katutu. Amsata daga aji na samo ta. Ina koyar da 'yan aji ɗaya yadda kwamfuta take lissafi. Shekara da shekaru ina zana musu riƙe ɗaya a allo, suna kwafa, suna haddacewa, suna mantawa bayan jarrabawa. Bara na kai Facit aji, na cire murfinsa, na sa 9,999, na ce wata ɗaliba ta ƙara ɗaya, ta juya a hankali. Tana juyawa lambobin suka riƙa faɗawa sifiri ɗaya bayan ɗaya daga dama zuwa hagu, har ɗaya ta bayyana a gurbi na biyar. Ta ɗago ta ce, “Malam, ashe abin da ke faruwa a cikin waya ke nan?” Na ce shi ne, sai dai can lantarki ne ke yi, kuma biyu-biyu ake ƙirgawa maimakon goma-goma. Ajin da ba ya tambaya ya riƙe ni rabin awa bayan lokaci ya cika. Yaranmu sun taso cikin na'urorin da ba a buɗe su, suna dannawa amsa tana fitowa, kuma da wuya wanda bai taɓa ganin cikin abu ba ya yi tunanin shi ma zai iya ƙera shi. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Roƙona ƙarami ne, ba ya buƙatar kwangila. Kafin wata ma'aikata ko jami'a ko banki su yi gwanjon tsofaffin na'urorinsu, su ware guda ɗaya daga kowane nau'i, a rubuta shekarar da aka saye shi, da aikin da ya yi, da sunan wanda ya riƙe shi, a sa a kabad mai gilashi, ko a miƙa wa sashen lissafi ko gidan tarihi mafi kusa. Ku kuma matasa, idan an zo haɗa kayan dattijon gida, ku dakata kafin ku kira mai sikeli. In kuwa yana raye, ku zauna ku tambaye shi yadda ake aiki da su. Ni ban taɓa tambayar Baba yadda ake rabawa da injin nan ba, a littafin Bature na koya, shekara bakwai bayan an binne wanda zai koya mini a zaure.

'Yata Hanifa, mai shekara goma sha ɗaya, yanzu ta iya ninkawa da shi. Rabawa ce take ba ta wahala, takan wuce ƙararrawa ba ta mayar ba. Na gaya mata ranar da ba na nan kada a yarda a ɗora shi a sikeli. Ta ce to, amma sai na rubuta. Na rubuta, na liƙa a gindinsa, na bayyana inda na saye shi da nawa, na ƙara da cewa ba na kakanta ba ne, ɗan'uwan nasa ne, na kuma rubuta yadda na kakanta ya bar gida da sunan wanda ya kira mai kurar. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe mana kurakuranmu.